Likita ya yanka mai lafiya don kawai ya ce ya yarda?

Dan_Gwammaja:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina so likitoci da malaman da ke cikinmu su warware mini ita. Kowa ya san abin da ake fara koya wa likita shi ne kada ya cutar. To mutum ya shigo asibiti da ƙafarsa, ko ciwon kai ba ya yi, sai likita ya kwantar da shi, ya yi masa allurar barci, ya farke shi ya cire ƙoda ɗaya ya ba wani. Shi wanda aka yanka babu abin da tiyatar ta ƙara masa sai tabo da haɗari. In ka yi magana sai a ce ai shi ya yarda, ya sa hannu. Ni a ganina sa hannun nan bai wanke likita ba. In na je na ce a sare mini yatsa na yarda, ai babu likitan da zai yi. Abin da ya sa na tayar da zancen, a layinmu akwai wani yaro tela ɗan shekara 24, bai yi aure ba, ana shirin ya ba mahaifinsa ƙoda. Uban ya haura 60 kuma yana da ciwon suga. Kowa sai sa wa yaron albarka yake yi, ni kuwa tsoro nake ji masa.

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam, ubansa ne fa. Shi ya haife shi, ya ci da shi, ya sha da shi. In ɗa bai ba uba ba, wa zai ba shi? Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba baban lafiya.

Sani_Adaidaita:
Ni abin da na ji, Allah ya ba mu biyu ne kamar mota da sifeya. To taya ta fashe wa ɗan'uwanka a hanya sai ka hana shi sifeyarka?

Likitan_Ƙoda:
Malam Sani, babu sifeya a ciki, duka biyun aiki suke yi dare da rana. In an cire ɗaya, wadda ta rage takan ƙara girma ta ƙara himma, har ta riƙa yin wajen kashi 70 cikin 100 na aikin da biyun suke yi a da. Wannan ya ishi mutum ya rayu, ya yi aure, ya yi sana'arsa. Amma daga ranar ya zama wanda dole ya kiyaye: ban da shan diclofenac da ibuprofen barkatai daga kemis, ban da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba, kuma awon jini da na fitsari duk shekara.

Malam Dan_Gwammaja, tambayarka likitoci ne suka fara yi wa kansu ita. Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne a Boston ta Amurka a watan Disamba na 1954, ƙarƙashin Dakta Joseph Murray, tsakanin wasu tagwaye 'yan shekara 23, Ronald da Richard Herrick. Kafin su taɓa Ronald sai da suka tuntuɓi malaman addini da sauran likitoci, don ba a saba yanka mai lafiya saboda wani ba. Richard da aka ba ƙodar ya ƙara shekara 8 a duniya. Ronald da ya bayar bai rasu ba sai 2010.

Haɗarin fa? Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2010 ya nuna mutum 3 cikin 10,000 ne suka mutu sanadin tiyatar bayarwa. Waɗanda tasu ƙodar da ta rage ke lalacewa cikin shekara 15 ba su kai 1 cikin 100 ba, amma sun fi na takwarorinsu masu lafiya da ba su bayar ba, kuma abin ya fi yawa a baƙar fata. Shi ya sa yaro irin wanda ka faɗa ya fi ba mu wahalar yanke hukunci fiye da ɗan shekara 50. Gwajin yau ba ya gaya mana abin da zai same shi nan da shekara 30, ga kuma suga a gidansu.

Batun yatsa kuwa, in an sare maka babu wanda ya amfana. A nan akwai ran da za a ceta, kuma cutarwar ba ta kai amfanin ba. Amma ko mutum ya sa hannu a takarda ɗari ya ce a cire zuciyarsa a ba ɗansa, babu mai yi. Yarda sharaɗi ce guda cikin sharuɗɗa.

Dan_Gwammaja:
Na gode Dakta. Ashe dai kun yarda sa hannu kaɗai bai isa ba. To wa ke jan layin? Ku ne ke cewa 3 cikin 10,000 ba komai, ku ne ke yin aikin, ku ne kuma ake biya.

Likitan_Ƙoda:
Shi ya sa ƙa'idar aikin ta ce likitan da ke duba mai bayarwa ya zama daban da wanda ke kula da mara lafiyar. Ni in majinyacina ne, ina son ya samu ƙoda ko ta halin ƙaƙa, don haka bai kamata ni zan ce ɗansa ya dace ba. Ko ana kiyaye wannan a ko'ina, wannan wata magana ce.

Abu_Sumayya_Tudun_Wada:
Bismillah. Ta fuskar shari'a malamai sun daɗe da tattauna wannan. Masu hanawa suna kafa hujja da cewa jiki amana ne, ba mallakar mutum ba ne balle ya yi kyauta da shi, da kuma ayar Baƙara ta 195 da ta hana mu jefa kanmu cikin halaka. Shehu Sha'arawi na Masar yana cikin waɗanda suka tsaya a kan haka. Masu halattawa, kuma su ne mafi yawa a wannan zamani, suna kawo ayar Ma'ida ta 32, cewa wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne gaba ɗaya, da ayar Hashri ta 9 da ta yabi Ansar don suna fifita wasu a kan kansu ko da suna cikin buƙata. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988 ta halatta, da sharuɗɗa: amfanin ya rinjayi cutarwar, kada ya zama sashen da rayuwa ta dogara a kansa kamar zuciya, mai bayarwa ya zama baligi mai hankali da ya yarda, kuma ban da ciniki. Abin da mutane ke mantawa shi ne halas ba wajibi ba ne. Ɗan da ya ce ba zai iya ba bai saɓa wa iyaye ba.

Maman_Ilham:
Allah ya gafarta Malam, ko da bai saɓa ba, da wane ido zai kalli mahaifiyarsa in uban ya rasu?

Nas_Hauwa:
Anti Maman Ilham, wannan idon da kika ambata shi ne duk matsalar. Bari in ba ku abin da na gani a wani asibiti da na yi aiki. An kawo wata baiwar Allah za ta ba mijinta. Dangin miji sun cika ɗakin, uwar miji na zaune a kan kujera, yayyensa maza na tsaye a bakin ƙofa. Likita ya tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce ta yarda. Aka sake tambaya, ta ce wallahi ta yarda. Da na shiga da ita ɗakin ɗibar jini mu biyu, na ɗaura mata roba a hannu ina neman jijiya, sai na ga ɗaya hannun ya damƙe gefen hijabinta har yatsun suna rawa. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Sista, in gwajin ya nuna ban dace ba, za ku gaya wa Hajiya cewa gwaji ne ya ce?" Yaranta huɗu, ƙaramin bai daɗe da yaye ba. Tana da kishiya, kuma an riga an gaya mata a gida cewa yanzu za a ga mai son maigida da gaske. Mazan nan da ke tsaye a ƙofa, 'yan'uwansa na jini, babu wanda ya miƙo hannu a gwada shi. Wannan yana da hawan jini, wancan iyali sun yi masa yawa.

Na gaya wa likita. Ya zauna da ita ita kaɗai, daga baya aka shaida wa dangi cewa ba ta dace da bayarwa ba, ba a ƙara ko kalma ɗaya ba. A takarda matar nan ta yarda sau biyu a gaban shaidu. Da an yanka ta babu kotun da za ta kama kowa.

Alhaji_Kwari:
To Sista, ba ƙarya kuka yi wa dangin ba ke nan? Kuma shi mijin fa, ba ran ba ne? Kun ceci matar daga kunya, kun bar bawan Allah a kan injin wankin ƙoda.

Nas_Hauwa:
Ranka ya daɗe, ba mu ce jininta bai zo ɗaya da nasa ba, ba mu ƙirƙira mata wata cuta ba. Mun ce ba ta dace ba. Wanda ba ya so bai dace ba, ko ƙodarsa ta fi ta kowa kyau.

Alhaji_Kwari:
Wannan wayon 'yan boko ne. Kun san sarai abin da dangin za su fahimta.

Likitan_Ƙoda:
Mun sani, Alhaji. Kuma in muka faɗi dalilin mun san inda matar za ta kwana a daren. Sirrin mai bayarwa haƙƙinsa ne kamar na kowane majinyaci. In babu wannan ƙofar ta fita, duk wata "na yarda" da za a faɗa a gaban dangi ba ta da daraja.

Barista_Nassarawa:
Ta ɓangaren doka, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana cire wani sashe na jikin mai rai ba da yardarsa ba, ta hana ɗaukar irin ƙoda daga wanda bai kai 18 ba, ta kuma haramta saye da sayarwa. Amma abin da Sista ta faɗa ya tuna mini shari'ar Sanata Ike Ekweremadu. An kai wani matashi ɗan shekara 21 mai talla a Legas zuwa Landan don ya ba 'yar Sanatan ƙoda, aka ce ɗan'uwansu ne. Likitan asibitin Royal Free ya zauna da yaron, ya lura bai ma fahimci abin da za a yi masa ba, ya ƙi. A 2023 kotu ta ɗaure Sanatan shekara 9 da wata 8, ta ɗaure matarsa, ta ɗaure likitan da ya haɗa cinikin shekara 10. Takardu duk an shirya su tsaf. Zaman da likita ɗaya ya yi da yaron ne ya hana a yanka shi.

Yaya_Rabi_Sheka:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma gaskiya raina ya ɗan ɓaci. Ni na bayar. Ƙanina na ba, uwa ɗaya uba ɗaya. Ana ta magana kamar duk wanda ya bayar ko an tilasta shi ne ko bai san ciwon kansa ba.

Malam Dan_Gwammaja, ka ce babu abin da tiyatar ke ƙara wa mai bayarwa sai tabo. Ka taɓa zama da mai wankin ƙoda? Ni nake raka shi. A sa masa bututu a wuya, ya kwanta awa huɗu jininsa na zagaya inji, ya taso jiri na ɗibarsa. An ƙayyade masa ruwan da zai sha a rana, a zafin Kano na watan Afrilu. Ƙanƙara nake fasa masa ƙanana ya riƙa tsotsa don ya yaudari ƙishirwa. Mun sayar da filin gadonmu, mun sayar da kekensa, in kuɗin wankin makon bai haɗu ba ƙafafunsa su kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashi ya gagare shi a kwance. Mahaifiyarmu ta daina barci. Ranar da aka ce na dace, ni na san abin da na ji. Abin da tiyatar ta ƙara mini shi ne ƙanina yana nan, ya koma kasuwa, ya yi aure.

Likitocin sun tambaye ni har na ji haushi. Wannan ya kira ni ni kaɗai, wancan ya kira ni, wata ta tambaye ni ko mijina ya sani, ko an yi mini alƙawarin wani abu, ko ina sane zan iya fasawa ko da an sa mini rigar tiyata. Na ce mata Dakta, ni ba yarinya ba ce. Da sun hana ni saboda suna tsoron abin da zai same ni, da ban yafe musu ba.

Abu ɗaya zan faɗa da ba a gaya mini sosai ba. Bayan an gama, kowa wajen mara lafiya yake tafiya. Shi ake kai wa dubiya, shi likitoci ke bibiya, shi ake tara wa kuɗin maganin da zai sha har ƙarshen ransa don kada jikinsa ya ƙi ƙodar. Ni na yi makonni ban iya ɗaga bokiti ba, kuma awon da nake yi duk shekara daga aljihuna ne. Da na samu ciki daga baya jinina ya hau, sai da aka riƙa sa mini ido har na haihu.

Maman_Ilham:
Allahu Akbar. Allah ya saka miki da Aljanna, Yaya Rabi.

Dan_Gwammaja:
Yaya Rabi, ki yi haƙuri, ban yi nufin raina abin da kika yi ba. Amma ke kin ga bambancinki da matar da Sista Hauwa ta faɗa? Ku biyun kalma ɗaya kuka furta. Tsorona shi ne likitan da ke da layin mutum 60 a waje ba shi da lokacin gane wace ce wace.

Likitan_Ƙoda:
Abin da Hajiya Rabi ta faɗa game da ciki gaskiya ne. Wani bincike a Kanada ya nuna hawan jinin masu ciki ya ninka, har ya ɗan haura, a matan da suka bayar. Ya kamata a gaya wa duk macen da ba ta gama haihuwa ba, a fili, da Hausa, ba a cikin takardar Turanci mai shafi biyar ba.

Baba_Fagge:
Ku yara ne. Mu da muka ga 1996 ba a yi mana zancen sa hannu. Shekarar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya zo Asibitin Zana ya gwada maganinsa Trovan a cikin yara 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce, kuma iyaye sun amince da baki. Iyayen suka ce su ba su san gwaji ake yi ba, sun ɗauka taimako ne. Sai 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuna tsammanin me ya sa da aka zo da rigakafin shan inna a 2003 mutane suka rufe ƙofa? Talaka in ɗansa na mutuwa, duk abin da mai farar riga ya miƙo masa zai dangwala.

Barista_Nassarawa:
Baba, Allah ya ƙara girma, wancan daban ne. Yara ne, kuma rigimar ita ce ba a nemi yarda yadda ya kamata ba. Nan ana maganar baligi da ya zo da kansa.

Baba_Fagge:
Ɗana, uban da ya kai yaronsa asibitin shi ma baligi ne, kuma da kansa ya je.

Matashin_Dorayi:
Ni tambayata daban ce, kuma kada a zage ni. In ya halatta in bayar kyauta, kuma Dakta ya ce haɗarin kaɗan ne, me ya sa ba zan sayar ba? Likita an biya shi. Asibiti an biya shi. Mai kemis ya ci, mai gwaji ya ci. Mai ƙodar kaɗai ake ce wa ya yi don Allah. Na gama digiri shekara huɗu ke nan ina zaune. Wuƙar da za ta yanka mai kyauta ita za ta yanka ni, haɗarin ɗaya ne. A Iran gwamnati ta yarda ana biya.

Ummu_Khalifa:
Subhanallahi. Ƙanina ka yi istigfari, talauci ba hauka ba ne.

Barista_Nassarawa:
Gaskiya ne Iran na da wannan tsarin tun 1988, kuma ita kaɗai ce. Amma ka duba su wa ke sayarwa a can: matalauta da waɗanda bashi ya ci. Ba a taɓa jin attajiri ya sayar wa talaka ba. Kuma haɗarin ba ɗaya ba ne. Mai bayarwa don ɗan'uwansa in aka tambaye shi ko akwai suga a gidansu zai faɗi gaskiya. Mai sayarwa zai ɓoye, don in ya faɗa cinikin ya lalace. Ka dubi 'yan sayar da jini da ke rakuɓewa a bakin asibitoci, wa ya taɓa jin ɗayansu ya ce jiya ma an ɗiba?

Matashin_Dorayi:
Barista, ke nan matar da uwar miji ta sa gaba da ni da yunwa ta sa gaba duk tilas ce. Amma ita in ta daure ta yi za a ce jaruma, ni in na yi a kai ni kurkuku.

Abu_Sumayya_Tudun_Wada:
Ɗan'uwa, Allah ya buɗa maka ta hanyar halas. Ɗan Adam Allah ya karrama shi, ba haja ba ne. Amma kukan da ka yi na cewa kowa ya ci ban da mai ƙodar, akwai gaskiya a ciki. Ɗaukar nauyin jinyarsa da awonsa da asarar kwanakin da bai yi aiki ba, wannan ba ciniki ba ne, kuma ya kamata a yi.

Ungozoma_Kurna:
Kuna ta ƙoda, mu a ɗakin haihuwa kullum muna cikin irin wannan, ta wata fuskar. Akwai ciwon zuciyar da ke kama mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, zuciyar ta saki ta kasa harba jini, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya. In zuciyar ba ta dawo daidai ba, likita zai ce kada a sake ɗaukar ciki, ana iya rasa rai. Sai mace ta dawo bayan shekara ta miƙo hannu ta ce a cire mata robar tazarar haihuwa. 'Ya'yanta duka mata ne, tana son namiji, ko mijin ya fara zancen ƙarin aure. Ka yi bayani har bakinka ya bushe, ta ce ta ji, rai na hannun Allah. To me za mu yi? Jikinta ne, ba mu da ikon barin abu a jikinta da ƙarfi. Muna cirewa, hannunmu na rawa, mu ce ta dawo awo da wuri. Haɗarin da ta ɗauka ya ninka na mai ba da ƙoda nesa ba kusa ba, kuma ban taɓa jin an ce ungozoma ta yi laifi ba.

Likitan_Ƙoda:
Anti, akwai ɗan bambanci. Ke in kin ƙi cirewa kin tilasta mata abin da ba ta so a jikinta. Ni in na ƙi yanka mutum ban tilasta masa komai ba, hannuna kawai na janye. Majinyaci na da ikon ya ƙi duk abin da na ba shi, amma ba shi da ikon ya sa ni in yi abin da na ga zai halaka shi.

Ungozoma_Kurna:
Dakta, a littafi haka ne. A gaban gawa duk ɗaya ake ji.

Sani_Adaidaita:
Tambaya: mai ƙoda ɗaya yana azumi kuwa?

Yaya_Rabi_Sheka:
Ina yi, Malam Sani. Shekarar farko likita ya ce in dakata. Yanzu dai tsakanin buɗa-baki da sahur ba na wasa da ruwa.

Injiniya_Zoo_Road:
Abin da ban ga an taɓo ba: me ya sa dole sai mai rai? Asibitin Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, shi ne asibitin gwamnati na farko da ya yi a ƙasar nan, amma har yau a Najeriya kusan duk dashen daga masu rai ake yi. Saudiyya kuwa manyan malamanta sun halatta ɗauka daga mamaci tun 1982. Da muna da wannan da ba a matsa wa tela ɗan 24 ba.

Ummu_Khalifa:
Injiniya, a Kano? Mutum ya rasu da hantsi kafin la'asar an kai shi. Wa zai tsaya a farke masa uba?

Likitan_Ƙoda:
Ba ma wannan kaɗai ba. Ana ɗauka ne galibi daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu alhali inji na riƙe da numfashinsa, don haka sai da gadajen kulawa ta musamman, da wutar da ba ta ɗaukewa, da tsarin da zai tabbatar ba mai kuɗi ne kaɗai zai samu ba.

Dan_Gwammaja:
To mu dawo kan yaron. Ni maƙwabci ne kawai, ba dangi ba. In na yi magana a ce ina hana ɗa taimakon ubansa. In na yi shiru kuma abin na damuna.

Nas_Hauwa:
Kada ka je wa iyayen. In kun saba da shi, ka same shi a shagonsa shi kaɗai. Kada ka ce ya yi, kada ka ce ya fasa. Ka gaya masa yana da haƙƙin ganin likita ba tare da kowa ba, ya faɗi maganar sugan gidansu, ya tambayi duk abin da yake so, kuma zai iya janyewa har ranar tiyata ba tare da an gaya wa kowa dalili ba. Da yawa ba su san wannan ba.

Baba_Fagge:
Shi uban an tambaye shi? Ni na haura 70. Wallahi ɗana ɗan 24 ba zai kwanta a yanka shi saboda ni ba. Na ci zamanina. Likitan da zai karɓi ƙodar yaro ya sa wa tsoho mai suga, ni ban ga hikimarsa ba.

Yaya_Rabi_Sheka:
Baba, da girmanku, kuna faɗin haka ne da ƙodarku biyu lafiya. Ƙanina ma da farko rantsuwa ya yi ba zai karɓa ba. Wata shida a kan inji ya daina rantsuwar. Kuma in yaron da gaske yake so, aka hana shi, uban ya rasu, shi ma wani ciwon ne da babu likitan da zai auna masa.

Alhaji_Kwari:
Ni har yanzu ina kan mijin matar can. Sista Hauwa, a ƙarshe ya samu ƙodar?

Nas_Hauwa:
Bayan an ce matar ba ta dace ba, likita ya ce a kawo 'yan'uwansa na jini a gwada, don su suka fi yiwuwar dacewa tun farko. Har na bar wurin babu wanda ya zo.